Neman Fuskar Kafinta a Cikin Gwangwanin Memori

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma shugaban wannan taro, wanda tun kafin in miƙe yake duban agogo yana dubana. Shugabar wannan cibiya ta koyar da manya aikin kwamfuta. Malamarmu, wadda Allah ya zuba wa haƙurin da zai ishi mutum goma. Manyan baƙi da ke kan kujerun gaba masu laushi. 'Yan uwana ɗalibai da ake yayewa a yau, masu furfura da masu rina ta. Matanmu da mazajenmu, 'ya'yanmu da jikokinmu, waɗanda suka zo su gani da idonsu ko da gaske mun ci jarrabawa. Jama'a maza da mata, ina gaishe ku gaisuwar girma, ina yi muku barka da zuwa.

Godiya ta farko ga Allah da ya nuna mana wannan rana muna tsaye da ƙafafunmu. Godiya ga waɗanda suka kafa wannan cibiya, suka yarda cewa kan da ya yi fari bai rufe ba. Godiya ga Malama, wadda ta maimaita mana abu ɗaya sau bakwai ba ta ɗaure fuska ba, a na takwas ɗin ma murmushi ta yi, ko da yake na ga ta ɗaga ido ta dubi rufin ɗaki. Godiya kuma ga mai gadin ƙofa, wanda bai taɓa gaya wa kowa sunayen masu makara ba.

An ce in yi magana a madadin ɗalibai domin na fi kowa shekaru, ba domin na fi kowa maki ba. Wadda ta fi kowa maki ga ta can a layi na biyu, telar nan da ke riƙe linzamin kwamfuta kamar da shi aka haife ta. Ni kuwa na zo ne daga ƙasa-ƙasa, ni da abokina tsohon direba, wanda muke kira Sarkin Tambaya. To tun da an ba ni abin magana, zan faɗa muku abin da ya kawo ni wannan aji, da abubuwa uku da zan tafi da su gida.

Da yawanku kun san ni da Mai Hoto. Shekara arba'in ina wannan sana'a. A zamanin fim na koye ta, lokacin da mutum ke da ɗauka talatin da shida kacal, kowace ɗauka sai ya riƙe numfashi. Shekara takwas da suka wuce 'ya'yana suka ce na tsufa da warin maganin wanke hoto, suka kawo mini kyamara ta zamani mai ɗan kati a ciki, wanda ake kira memori. Na karɓa, na sa musu albarka, na ci gaba da aiki yadda na saba. Idan kati ya cika sai in cire shi, in naɗe a takarda, in rubuta wata da shekara, in jefa a gwangwanin madara, in sa sabo. Ban taɓa goge hoto ko ɗaya ba, domin mu a koyarwarmu mai hoto ba ya yar da dodon hoto, wato fim ɗin da ake fitar da hoto daga jikinsa, ko da ya lalace. Idan ana son a wanke, sai in kai kyamarar shago, su shige da ita ɗakin ciki. Ni na ɗauka ɗakin duhu ne. Ashe ɗakin da fanka take ne kawai.

Haka muka tafi lafiya har bara, da Allah ya yi wa mijin yayata rasuwa. Kafinta ne, mutum mai barkwanci da hannu mai kyau, amma bai yarda da hoto ba ko kaɗan. Da na ɗaga kyamara sai ya tuna ya bar gam a buɗe. Bayan wata biyar da rasuwarsa na je gaishe da Yaya, na tarar da ita zaune a bakin rumfar aikinsa, katako na nan jingine yadda ya bar su. Idonta ya daɗe yana rauni, likita kuma ya ce ganin raguwa zai ci gaba da yi. Ta ce da ni, "Kai da ka ɗauki hoton duk mutanen unguwa, ba ka da na mijina ko guda? Muryarsa na nan a kunnena, amma fuskar ta fara guje mini. Ina so in sake kallonta tun ina iya gani."

Jama'a, kunya ta rufe ni. Na ce mata akwai, ba tare da na san ko akwai ba. Na koma gida na zazzage gwangwani, kati arba'in da ɗaya. Sati biyu ina sa su a kyamara ɗaya bayan ɗaya, ina leƙa ɗan allon nan na bayanta wanda bai kai kwalin ashana biyu ba, tabarau a kan hanci, ido yana ruwa. Na ga ɗaliban makaranta, na ga jarirai, na ga wata akuya da aka ce in ɗauka domin shaida. Kafinta kuwa, ko ƙeyarsa. Mai shagon wanke hoto ya ce, "Baba, ka juye su a kwamfuta ka duba a tsanake." Akwai kwamfuta a gidana, ɗana ya bari, mai ɗakina tana ajiye ninkakken wanki a kanta. Abin da ya kawo ni wannan aji ke nan, da gwangwani a aljihu.

Abu na farko da na koya: haske ba ya ƙona hoton zamani. Kada ku yi dariya tukuna, ku bari in gama. Ranar da Malama ta ce kowa ya fito da katin kyamararsa, sai na ciro baƙin ƙyallena daga jaka, na lulluɓe kaina da kyamarar, na shiga lalube a ciki. Sai na ji muryar Malama daga waje tana cewa, "Baba, lafiya?" Na ce, "Lafiya lau, 'yata, a dai rufe tagar nan." Sarkin Tambaya ya ɗaga hannu ya ce, "Malama, mu da ba mu zo da ƙyalle ba fa?" Ranar ba a ƙara karatu ba sai da kowa ya share hawaye. Daga nan ta nuna mana hanya biyu. Ko ka ɗauki wayar da aka sayar da kyamarar da ita, ƙaramin baki a jikin kyamara, babban baki a jikin kwamfuta, sannan ka kunna kyamara, kuma ka tabbata batirinta na da caji, kada ta mutu kaya suna tsakiyar hanya. Ko kuma ka kashe kyamara, ka zare katin a gaban kowa da rana tsaka, ka zura shi a ramin da aka yi masa a jikin kwamfuta. Idan ya ƙi shiga, juya shi za ka yi, ba ƙarfi za ka sa ba. Wannan gargaɗin na Sarkin Tambaya ne, ya san dalili.

Abu na biyu: ka kwafa, kada ka yanke, kuma ka yi haƙuri. Malama ta ce wanda ya yanke hotuna daga kati, wuta ta ɗauke kafin su sauka, zai iya rasa wasu nan da can. Wanda ya kwafa kuwa, na asali suna nan suna jiransa. Ka buɗe jaka a kwamfuta, ka raɗa mata suna na hankali, da shekara da abin da ke ciki. Ni jakata ta farko Hotuna na sa mata, ta biyu Hotuna Sababbi, ta uku Hotuna Sababbi Na Gaske, har Malama ta zo ta tsaya a kaina ta ce, "Baba, ta huɗun fa, me za a ce da ita?" Sannan ka jira koren layin nan mai nuna tafiyar kwafi ya tafi har ƙarshe. Ya fi jerin gwano a asibiti jan jiki, amma yana isa. Idan ya gama, ka buɗe hoto biyu ko uku ka tabbata sun iso da lafiya, ka yi wa kwamfuta sallama ta wurin da aka tanada, ta ba ka izini, sannan ka zare. Kuma abin da kake ƙauna kada ka bar shi wuri ɗaya: kwafi a kwamfuta, kwafi a filas, wato ɗan ma'ajin nan da ake zurawa a jikin kwamfuta, filas ɗin kuma ba a aljihun rigar da za a wanke ba.

Abu na uku shi ne babba, a kansa nake roƙon ku ba ni kunnuwanku. Kada ka yanke wa hoto hukunci a kan ɗan allon kyamara. Kada ka goge shi don ka ga kamar ya lalace. Ka kai shi babban allo tukuna, ka buɗe shi, ka dube shi lungu-lungu.

Da hannuna ya faɗa, sai na sauke wankin mai ɗakina daga kan kwamfuta, na zauna kullum bayan karin kumallo ina juye kati biyu ko uku. Kati goma, babu. Ashirin, babu. Yaya ba ta sake tambayata ba, kuma wannan shirun nata ya fi tambaya nauyi. Da na je gaishe ta sai in ga tana laluben kofi a kan tabarma kafin hannunta ya same shi. Na fara shirya kalmomin da zan faɗa mata cewa na yi mata alkawarin abin da ba ni da shi.

A kati na talatin da huɗu na tarar da hotunan kayan katako: kujeru, gadaje, teburin cin abinci. Sai na tuna Kafinta ya taɓa kirana in ɗauki kayan da ya haɗa domin ya riƙa nuna wa masu saye. Na riga na duba katin nan a kyamara, na wuce. A cikinsu akwai kabad mai dogon madubi, hoto biyu. Na biyun tsaf yake. Na farkon shi ne lalatacce, domin akwai wasu inuwoyi a cikin madubin, har na tuna na yi faɗa na ce masu tsayuwa a bayana su matsa, suna ɓata mini aiki. Na kai hannu zan wuce, sai na ji kamar Malama tana cewa a buɗe a duba. Na danna, hoton ya cika allo. Na ƙara girmansa, na ƙara.

Jama'a, ga ni a cikin madubi, kyamara ta rufe mini fuska. Ga Yaya a gefe, ta sunkuya tana kakkaɓe garin katako daga zaninta, da alama mita take yi. Ga Kafinta a bayanta, fensir a bayan kunne, haƙora a waje. Fuskarsa tar, kamar ya zauna mini da gangan.

Ban jira an wanke ba. Na rungumi kwamfutar na hau mota na tafi gidanta. Na ajiye a kan teburin aikinsa, na jawo mata kujera, na ƙara haske, na ƙara girma har fuskarsa ta yi girman tafin hannu biyu. Ta matso har hancinta ya kusa taɓa allo. Can ta yi dariya ta ce, "Ka ga mutumin nan? Wai shi ne ba ya son hoto, dubi yadda ya washe baki." Sai ta ce in rage girman kaɗan, tana son ta ga abin da yake yi wa dariya. Na rage. Ta ga kanta a sunkuye, ta ga inda idonsa yake. Ba kabad yake kallo ba, ba ni yake kallo ba.

Ta ce, "Shekara talatin da bakwai muna tare. Ashe haka yake kallona idan na juya baya."

Na yi kuka a ranar, ba na jin kunyar faɗa a gaban jikokina. Na tashi zan rufe kwamfuta, ta riƙe mini hannu ta ce in bar ta tukuna. Na bar mata ita har kwana uku. Yau tana nan tare da mu, ga ta can kusa da ƙofa inda iska ke shigowa. Ba ta ganina sosai daga can, amma ta ce in gaya wa Malama ta gode, kuma ta ga abin da take son gani a kan lokaci.

Allah ya saka wa Malama da alheri, ya ƙara mata ilimi da haƙuri, domin na ji wani ajin tsofaffi na nan tafe. Allah ya ɗaukaka wannan cibiya da masu riƙe da ita. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya haskaka makwancinsu. Allah ya ƙara wa idanunmu haske, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa mu riƙa duban waɗanda muke ƙauna tun suna gabanmu. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya, ya tarar da iyalinsa lafiya.

Shugaban taro, ga abin maganarka. Na gode, na gode ƙwarai.