Jar Fitilar Ɗakin Tiyata

Har aka kira lambarsa, tsohon telan bai sa hannu a takardar ba. Safiyar Talata ce a bencin asibiti, bayan likita ya ce da mutum-mutumi za a yi masa aikin ƙoda. Wani direba na gefensa.

"Baba, sa hannu mana. Ba ka ganinsu a fim? Akwai wani gajere da nake so, mai ciro mutane daga gobara."

"Jikokina sun ishe ni da su, ɗana. Duk da ladabi suke farawa. Tsakiyar fim sai ido ya koma ja."

"Ai wannan likita ke tuƙa shi."

"Shekara arba'in ni ke tuƙa keken ɗinkina, sau uku yana huda mini yatsa. Kai ka yarda da shi?"

"Ni na sa wa matata hannu. Awa biyu suka ce."

"Yaushe ta shiga?"

Direban ya dubi agogo. A gaban telan aka tura ta da ƙarfe bakwai. Sha ɗaya ta wuce, fitilar saman ƙofar tana nan ja.