Kaburbura Goma Sha Ɗaya a Gefen Layin Dogo

Mai girma shugabar taro, mai girma Kwamishinan gunduma, shugabannin ƙauyukanmu na bakin kogi da na cikin daji, limamai da fastoci, tsofaffin ma'aikatan reluwe da zuriyarsu, baƙinmu da suka ƙetaro teku daga tsibirin Curaçao, iyayena maza da mata, jama'ar gundumar Para baki ɗaya, ina yi muku sallama, ina yi muku sannu da zuwa.

Na gode da kuka baro gonakinku da kasuwanninku, kuka tako farin yashin nan cikin rana, zuwa tashar da rabonta da jirgi shekara talatin da ɗoriya. Ni ce Sumirah, 'yar marigayi Pak Sarmo mai duban layi, kuma maganata uku ce.

Ta farko, layin kansa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: Turawan Holan ba don mu suka shimfiɗa shi ba. Zinariya suka hango a ƙuryar daji, suka jawo siririn layi mai faɗin mita ɗaya daga babban birninmu Paramaribo don su kwaso ta. Zinariyar ba ta kai yadda suka zata ba, jirgin kuwa ya zama namu. Shi ya kai rogonmu da ayabarmu birni, shi ya kai marasa lafiyarmu asibiti, shi ya kawo mana amare, shi ya dawo mana da gawawwaki. Sauri kam ba shi da shi. Wata mai goyo ta taɓa ce wa babana, "Pak Sarmo, jirgin naku zai iso yau, ko sai na yaye yaron nan?" Ya ce, "Ki dai shiga da shi, 'yar'uwa, kafin ku kai birni ya yi gemu."

Ta biyu, waɗanda suka shimfiɗa shi. Da yawansu leburori ne daga Curaçao, ƙasar duwatsu da iska, aka jefa su cikin fadama da sauro. A wannan zango zazzaɓi ya kashe goma sha ɗaya cikin damina guda, aka binne su can bayan itacen mangwaron nan, babu allo babu rubutu. Ɗaya daga cikin waɗanda suka haƙa kaburburan, ana ce masa Chandi, bai koma gida ba, nan ya tsufa. Bai iya rubutu ba, sai ya riƙe sunayen da ka. Da ya ji ƙarfinsa ya ƙare, ya kira babana, lokacin yana sabon ma'aikaci, ya ambace shi da sunan ƙabilarmu ya ce, "Kai Bajawe, ƙwaƙwalwarka na aiki, ko shinkafa ta toshe ta?" Babana ya ce, "Gwada ni, Baba." Sati uku yana biya masa sunayen har suka zauna masa a ka.

Shekara arba'in babana na bin layin nan a ƙafa da gudumarsa. Duk ranar da ya iso nan sai ya aje guduma, ya share ciyawa, ya kira sunayen ɗaya bayan ɗaya. Shi Musulmi, su Kirista. Ba su haɗa dangi ba, ba su haɗa harshe ba, bai taɓa ganin fuskar ko ɗaya ba.

Wata rana wata dattijuwa ta sauko daga jirgi da lema a hannu, ta ce sunanta Altagracia Koeiman, kakanta take nema, wanda ya tafi aikin reluwe ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ta zaga ofisoshin birni, kowa ya ce babu takarda. Babana ya kawo ta nan, ya cire hularsa, ya fara kira. A suna na tara ya ce, "Dionisio Koeiman." Lemar ta faɗi daga hannunta. Sai ta ce, "Bawan Allah, wanne ne nasa?" Babana ya ce, "Uwa, ba zan yi miki ƙarya ba. Sunaye aka ba ni, ba a nuna mini wane ne a ina ba." Ta dubi jerin kaburburan nan, sannan ta ce, "To, duka nawa ne." Ta bi su ɗaya ɗaya tana durƙusawa. Ɗanta Ildefonso ga shi can a zaune, shi ma yau da furfura.

Ta uku ita ce mai nauyi, domin laifina ce. Ni malamar makaranta ce, alƙalami bai taɓa barin jakata ba. Sau nawa babana ya ce, "Sumirah, zo ki rubuta," na ce, "Gobe, Pak." Ranar da na zauna da takarda, tsufa ya riga ni. Ya kira goma, ya tsaya. Ya koma farko, ya kira goma, ya tsaya. Sai ya rufe fuskarsa da hannu ya ce, "Chandi ya ba ni goma sha ɗaya." Bai sake zuwa nan ba har ya rasu. Shi ya sa dutsen tunawar da za mu buɗe yau yake da suna goma da gurbi ɗaya.

Yanzu kuma masu haƙar yashi sun matso, turakunsu taku arba'in ne kacal daga kabari na farko. Mai girma Kwamishina, ba mu roƙi a dawo mana da jirgi ba. Muna roƙon a killace wannan ɗan fili, a rubuta a doka cewa maƙabarta ce, kafin damina ta wuce. Baƙinmu kuma, in kun koma, ku duba tsofaffin littattafan cocinku, ku tambayi tsofaffinku: wane gida ne ya aika ɗa aikin reluwe bai dawo ba? Ku kuma matasa, wanda yake da tsoho a gida, ya zauna gabansa da takarda yau ɗin nan.

Allah ya jiƙan Chandi, ya jiƙan Pak Sarmo, ya jiƙan Altagracia. Allah ya yi rahama ga goman da muka sani, da ɗayan da Shi kaɗai ya san sunansa. Allah ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya, na kusa da na ƙetaren teku.

Na gode.