Ragar Kwanciya a Filin Jirgi

Daren jiya na ji gurnani a sama, kamar saniya ta ɓata cikin gajimare. Da safe na je filin jirgin saman garin Iquitos ko zan ji labarinsa. A benci na tarar da wani ɗan kasuwar kifi yana tsokanar wata tsohuwa mai riƙe da ragar da ake ratayewa a kwanta a ciki.

"Mama, ragar kwanciya kuma? A fiffike za ki ɗaura ta?"

"A ina zan kwana? Birnin Lima fa za ni, wurin ɗana Wilmer. Ga ayaba, ga busasshen kifi, guzurin hanya."

Ya yi dariya. "Wannan ba jirgin ruwa ba ne. Ki ɗora wake a wuta, kafin ya nuna mun sauka."

"Kai dai bakinka ya fi ka girma."

"Ko awa biyu ba a cikawa, Mama. Duk mako nake zuwa, kifina ma da ransu suke isa."

"Wilmer ya ce akwai nisa. Har aka binne ubansa bai samu zuwa ba, saboda nisan."

"To, wataƙila kuɗin jirgi ne."

"Shi da ke tura matarsa hutu ƙasar waje?"

Mutumin ya sunkuya yana gyara igiyar kwalin kifinsa. Ita kuwa ta ninke ragar, ta sake warwarewa.

Wani da ke gefenmu ya leƙo. "Shi ɗan naki, ya san kina tafe kuwa?"

Sai aka fara kiran masu zuwa Lima.