Amsar da Ta Tafi Tare da Malam Sajo

Mai girma shugaban wannan taro, Alhaji Abdulƙadiri. Iyayenmu masu unguwanni da shugabannin addinai. Abokan aikina malamai da ɗalibai. Manoman Sorau da Mayo Bani da Gella, maza da mata. Malama Hamsatu, matar marigayi Malam Sajo. Jama'a baki ɗaya, ina yi muku barka da zuwa.

Sunana Zira, kuma shekara shida muna ofis ɗaya da marigayin a sashen binciken noma. Ina godiya da kuka bar sharar gona kuka zo. Kun zo ne ku ji ranar da ya fi dacewa a shuka wake don ya tsere wa tsutsa, kamar yadda muka yi muku alkawari. Ba ni da wannan amsa, kuma hakkinku ne ku ji dalili.

Da farko, ga yadda aikin ya kasance. Damina uku Malam Sajo yana bin gonakinku a kan babur, yana ƙirga kwanson da tsutsa ta huda, yana auna ruwan sama. Kwamfutarsa ta tsufa, ba ta iya ɗaukar lissafin. Sai ya buɗe wurin aiki a intanet: daga cikin burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet, zai rubuta umarninsa, ya danna, wata babbar na'ura a can nesa ta yi lissafin ta aiko da sakamako. Idan sabis ya ɗauke, aikin ya tsaya, sai Malam ya sake daga farko ba tare da ƙorafi ba. Wata rana ya juyo yana dariya ya ce mini, "Zira, ko ƙasar da injin nan yake ban sani ba, amma ga shi yana yi wa waken Gella bauta."

Na biyu shi ne mai nauyin faɗa. A watan Maris ciwo ya kwantar da shi. Ashe ƙa'idar wurin ita ce, duk aikin da aka yi kwana talatin ba a buɗe ba, sai a share shi. An aiko da gargaɗi ta imel ɗinsa, alhali yana gadon asibiti. Shi bai manta ba. Na je duba shi, ya riƙe hannuna ya ce, "Ka shiga mini shafin nan, ko buɗewa kawai ka yi ka rufe." Na ce, "Malam, ka warke tukuna, aikin yana nan yana jiranka." Ban tambayi dalilinsa ba, ban karɓi kalmar sirrinsa ba, ban koma kan maganar ba. Bayan sadakar bakwai Malama Hamsatu ta sami kalmar a bangon wani littafinsa, ta kawo mini har ofis. Na buɗe a gabanta, ba mu tarar da komai ba. Na rubuta wa masu wurin, suka amsa cikin ladabi cewa abin da aka share ba ya dawowa. Ba zan ɗora musu laifi ba, domin sun rubuta ƙa'idarsu, mu ne ba mu karanta ba. Zanen aro ba ya rufe katara.

Na uku, abin da ya saura. Littattafansa goma sha ɗaya na damina biyun farko suna nan, za mu sake shigar da su layi bayan layi. Bayanan damina ta uku kuwa, bai rubuta su a littafi ba, daga waya ya tura su kai tsaye, sun tafi. Bana ku yi shuka yadda kuka saba. Idan kun yarda mu sake shiga gonakinku, za mu shiga. Idan kun gaji da mu, ba za mu ga laifinku ba.

Ku kuma ɗalibai, ku yi amfani da waɗannan na'urori, domin ba mu da kamarsu a Mubi. Amma ku sauke kwafin aikinku kowane mako, ku ajiye a wuri biyu, ku sanar da wani inda yake. Idan kuma mara lafiya ya roƙe ku abu, ku yi masa a ranar.

Malama Hamsatu, ki gafarce ni. Allah ya jiƙan Malam Sajo, ya raya abin da ya bari. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kare amfanin gonarmu, ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Na gode.