Titin da Mama ta share

A bakin tashar mota, wata dattijuwa mai sharar titi ta tare wata budurwa da ke riƙe da ƙaramar kyamara.

"Ke 'yar nan, hotona kika ɗauka?"

"E, Mama, ki yi haƙuri. Jiya na saye ta, gwadawa nake yi. Ga ta kamar sabulu a tafin hannu, ko ƙara ba ta yi."

"Shi ya sa ban ji ba! Da wannan tsohon zanen, fuska duk gumi? Maza goge shi."

"Zan goge, amma ki duba tukuna."

Dattijuwar ta jingine tsintsiya, ta leƙa.

"Ikon Allah! Wannan ɗan abin ne ya kwaso titin gaba ɗaya?"

"Har ƙarshensa. Kin ga yadda fuskarki ta fito?"

"Bar zancen fuska, dubi bayana. Kin ga leda? Kin ga takarda ko ɗaya?"

"Babu, Mama."

"Ni kaɗai na share shi."

"To, in goge?"

"Goge me? Ki wanko mini shi babba. Shekara ashirin ina sharar titin nan, ban taɓa ɗaga kai na kalle shi ba."