Kiɗan da Ottavio Ya Bar Mana a Ɗakin Ƙasa

Mai girma Magajin Gari, limamin majami'armu Don Saverio, uwargidan marigayi Sinyora Fiorella, 'yarsa Ilaria, dangi, maƙwabta, da ku abokan zaman sauraro na ranar Asabar, ina gaishe ku da haƙurin wannan rashi.

Sunana Remo. Abokan zama sun ce ni zan yi magana a madadinsu, wai don babu wanda ya kai ni yawan gardama da Ottavio. Ban musa ba. Tun muna da baƙin gashi muke faɗa a kan abu guda, har muka yi furfura ba mu gama ba.

Ya kasance mai haska fim a silimar garin nan tun yana saurayi. Da yawa daga cikinmu a duhun ɗakin nan muka fara ganin teku da hamada. Mu muna kallon hoto, shi yana can sama cikin ɗan akurkinsa yana sauraron kiɗa. Fim ɗin da kowa ya raina, na 'yan bindiga ko na 'yan sanda, wanda ba ya wuce mako a gari, sai ka ji Ottavio ya fito yana cewa, "Labarin banza ne, amma kun ji sarewar nan kuwa?"

Da aka rufe silimar ya koma gyaran rediyo, amma bai rabu da kiɗan ba. Duk Lahadi yana kasuwar Porta Portese a Roma, durƙushe gaban kwalaye, yana tono faifan garmaho na finafinan da har masu yin su sun manta da su. Ya cika falo, ya cika baranda, ya fara ratsawa ɗakin girki. A nan Sinyora Fiorella ta tsaya masa. Ta ce, "Ottavio, ko faya-fayan nan su bar mini kusa da murhu, ko yau ka ci su da miyar tumatir." Ranar ya kwashe su zuwa ɗakin ƙasa, wanda ke can ƙarƙashin gidan.

Ya kasance mutum mai taurin kai, kuma ba zan ɓoye wannan don ya rasu ba. Da faifan sidi ya fito, ni na karɓe shi hannu bibbiyu. Na kai masa ɗaya ya gani. Ya juya shi, ya duba fuskarsa a ciki, ya ajiye a tebur ya ɗora kofin shayinsa a kai.

Na ce, "Kai dai ka fi son naka mai ƙas-ƙas kamar ana soya kifi."

Ya ce, "Gara kifin da ake soyawa da wanda ya kwana a firji. Ɗauke abinka, Remo."

Da zamani ya kai ga ana zuba kiɗa cikin kwamfuta da waya, sai ya rantse cewa muddin yana numfashi babu faifansa da zai shiga wannan rami. Wanda yake son ji, ya zo ya zauna. Haka zaman Asabar ya samo asali a zauren majami'a, ƙofa a buɗe, ba a tambayar kowa ko sisi.

Akwai faifai guda da ya fi so. A cikinsa wata mace ce take rera murya zalla, babu kalma ko ɗaya, kuma ba a rubuta sunanta a bango ba. Shekaru yana cigiyarta bai dace ba. Wata Asabar ya saka shi, sai wata ma'aikaciyar jinya da ta shigo fakewa daga ruwan sama ta ce, "Ai na san wannan. Akwai wata tsohuwa a gidan tsofaffin da nake aiki, Sinyora Velia, kullum shi take yi in ana taje mata kai."

Washegari muka ɗauki garmaho, ni da shi da Ilaria, muka tafi. Muka same ta a keken guragu, 'yar ƙarama, an lulluɓe mata ƙafa. Ottavio ya ɗora allura a kan faifan. Kiɗa ya cika ɗakin. Ita kuwa tana kallonmu tana murmushi irin na wanda bai san me ake ciki ba. Ashe kunnenta ya yi nauyi, ba ta jin komai sai abin da aka maƙala mata a cikin kunne.

Ilaria ta ce, "Baba, bari in ɗauke shi a waya, a sa mata a kunne."

Ya ce, "Na rantse."

Ta ce, "To sai ka yi mata bayanin rantsuwar, tunda tana ji."

Ya naɗe kayansa muka dawo gida. Kwana biyu ba mu gan shi ba. A na uku ya buga mini ƙofa, faifan a hammata, ya ce, "Ina na'urar nan taka ta banza mai juye faifai cikin waya?"

Muka koma. Ilaria ta sa mata abin ji a kunne. Tsohuwar nan ta rufe ido, leɓenta ya fara motsi. Can tsakiya ta ɗaga yatsa ta ce, "A nan numfashina ya yanke. Ina da tsohon ciki a lokacin, mai kiɗan ya ce a bar shi haka, ya fi daɗi." Ta ce tun ranar da ta fita daga ɗakin ɗaukar sauti ba ta sake jin muryar ba, ko fim ɗin ba ta gani ba, haihuwa ta zo, rayuwa ta ja ta wani wajen. Ta ce a maimaita. Aka maimaita har ma'aikata suka kawo abincin rana.

A mota Ottavio ya ce mini, "Kada ka ce komai."

Na ce, "Ban ce ba."

Ya ce, "Gemunka yana cewa."

Daga wannan rana Ottavio ya buɗe abin da ya daɗe yana ɓoyo. Shekarun baya wani ɗakin ɗaukar sauti a Roma ya tashi, aka fitar da manyan naɗin tef za a zubar, shi kuma ya kwaso su a motar aro ya jibge a ɗakin ƙasa. Kiɗan finafinai ne da ba a taɓa buga su a faifai ba, babu kwafinsu a ko'ina. Da ya sauka ya duba, ya tarar danshi ya fara cin su, wasu sun manne kamar alewa. Ya zauna a kan matakala. Sannan ya ce mini, "Ina tsammanin adana su nake yi."

Ya kasance, tun daga nan har ƙarfinsa ya ƙare, kullum yana ɗakin ƙasa yana warware tef a hankali yana juye shi cikin kwamfutar da ya tsana. Bai daina zagin ta ba, ku shaida ne. Da ciwo ya kama hannunsa, sai ya zauna a kujera yana ba mu umarni, yana ce mana masu hannun katako. Ya rasu bai kai rabi ba.

Sinyora Fiorella, kin haƙura da ƙura da kwalaye da mijin da rabin hankalinsa yake wani wuri. Mun san wani dillali daga ƙasar waje ya zo neman sayen kayan kafin a share makoki, kuma mun san kin ba shi kofi kin raka shi ƙofa. Mun gode. Ilaria, ke kika san hannun aikin, mu tsofaffi ne masu lokaci. Ki ba mu umarni kamar yadda yake yi, zagin ne kawai muka yafe.

Mai girma Magajin Gari, ba a saba roƙo a wurin makoki ba, amma tef ba ya jiran a gama ta'aziyya. Damina na tafe, ɗakin ƙasan nan zai sake tsatsafo. Akwai ɗaki busasshe a saman laburaren gari da babu komai a ciki sai karyayyun kujeru. Shi muke so. Mu za mu share, mu za mu ɗauko kayan, mu za mu zauna a kai har naɗin ƙarshe, kuma duk abin da muka ceto na kowa ne, a faifai ko a sidi ko a waya, yadda kunnen mutum ya fi so. Ranar Litinin za mu zo ofishinka. In ba mu same ka ba, za mu dawo Talata.

Muna godiya ga duk wanda ya taka ya zo. Allah Ya jiƙan Ottavio, Ya yafe masa kurakuransa, Ya ba shi hutawa, Ya sanyaya zuciyar iyalinsa, mu kuma Ya ba mu ƙarfin idar da abin da ya fara. Amin.

Kafin a tashi, za mu ji tef na ƙarshe da ya juye. Babu suna a jikinsa, ba mu san fim ɗin ba, ba mu san masu kiɗan ba. In akwai wanda ya gane shi a cikinku, ya ɗaga hannu.

Ilaria, saka mana.