Agogon Ambrose da Juyin Baba

Shekarar ƙarin albashin Udoji ce, a wani asibiti a Sabon Gari. Ambrose, mai sayar da kayan gyaran mota, yana jiran layi, sai dattijon da ke kwance a benci ya taɓo shi.

"Samari, ƙarfe nawa sabon agogon nan ya ce?"

"Baba, tambaya ta huɗu ke nan! Kuma sai juyi kake kamar waina a tanda."

"Umarnin likita ne. Ciwon daji ya kama min mafitsara. Da cire ta za a yi, sai suka ce a gwada magani tukuna. Ta bututun roba suka ɗura min shi a mafitsarar. Awa biyu ba fitsari, ina juyawa ya ratsa ko'ina."

"Haka muke wanke tankin mota! Amma yanzu wa ke wankewa? Sabo ake sawa."

"Kana da sabuwar mafitsara a shago?"

"Tana Ikko, jirgi bai sauke kaya ba."

"Kar ka ba ni dariya, maganin zai zube!"

"Saura minti ashirin. Baba... robar nan, da zafi?"

Dattijon ya ƙare masa kallo.

"Ashe layinmu ɗaya! Matso, ɗana. Ni zan koya maka juyi, kai ka riƙe mana agogo."